Jakar jinjiri: shirin da mai goyo za ta yi kafin ta fita kasuwa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfa, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ya sha ganin abin da za mu faɗa. Mace ta gama wankan jego, ta yi arba'in, ta koma bakin sana'arta da jinjiri a baya. Da hantsi, daidai lokacin da masu saye suka taru, sai yaro ya ɓata jikinsa. Ta laluba cikin ledar da ta ɗauko daga gida, ta tarar da makulli da goro da ƴan canji, babu tsumma ko ɗaya mai tsabta. Sai ta goge yaro da bakin zanenta, ta ɗauraye hannu da ɗan ruwan buta ba sabulu, ta juyo za ta auna wa mai saye gari. Mai sayen ya gani da idonsa. Ba zai ce mata komai ba, amma gobe rumfar maƙwabciya zai nufa.

Wata kuma ba za ta iya zama cikin wannan hali ba, sai ta bar wa maƙwabciya jiran kaya, ta hau kabu-kabu ta koma gida. Kafin ta wanke yaro, ta sauya zane, ta dawo, azahar ta yi, cinikin safe ya wuce ta.

Maganin wannan wahala ba shi da tsada. Jaka ce guda ɗaya da aka ware wa jinjiri shi kaɗai, a zuba kayansa a ciki tun da dare, da safe a saɓa a kafaɗa a fita. Iyayenmu ma suna da irin tasu: ƙunshin tsummoki a cikin ƙwarya ko a ɗaure a gefen zane. Abin da ya sauya shi ne mata yanzu suna nisa da gida, suna bin kasuwannin ƙauye a mota daga wannan rana zuwa waccan, kuma kayan yaro sun ƙaru, tunda ga karnen likita, ga magunguna. Ƙunshin bakin zane ba ya ɗaukar wannan duka.

Lissafin ƴar kasuwa

Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa, in aka yi raba-daidai, mace a Nijar tana haihuwar yara 7,6 a rayuwarta. Wanda aka yi a 2021 ya ba da 6,2. Ko da wane adadi aka ɗauka, ma'anarsa ita ce ƴar kasuwa tana shafe shekaru masu yawa na sana'arta da goyo a baya. Ke nan jakar jinjiri kayan aiki ce kamar tiya da sikeli, kuma in mai ƙwari ce, ita za ta yi wa yaro na biyu da na uku.

Mu yi lissafi irin namu. A ce ribarki ta yini jika biyu ce, kuma mafi yawanta da safe take shigowa. In kin koma gida sau ɗaya saboda yaro, kin biya kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, kin kuma rasa rabin ciniki. In haka ta faru sau biyu a mako, a wata guda kin yi asarar abin da ya fi kuɗin ɗinka jaka. Wannan kuwa ba a sa kuɗin magani a ciki ba, in yaro ya kamu da zawo ko ƙuraje saboda ya daɗe cikin ƙazanta, balle ranakun da za ki rufe rumfa kina jinya. Jaka ɗaya tana tsare jika da yawa.

Me ake zubawa a ciki?

Na farko, kunzugu. Wasu suna amfani da tsummokin atamfa masu laushi da ake wankewa, wasu kuma suna sayen na kanti, wanda ake kira kush ko famfas. Sunan famfas ya samo asali ne daga Pampers, wanda wani kamfanin Amurka ya fara sayarwa a 1961, har sunan ya bi kowane iri. Ko wanne kika zaɓa, ki sani jinjiri sabon haihuwa yana iya buƙatar sauyi sau takwas zuwa goma a yini da kwana. Wadda za ta wuni a kasuwa daga safe zuwa la'asar, kada ta fita da ƙasa da biyar ko shida.

Akwai kuskuren da ake yawan yi da na kanti. Saboda tsadarsa, uwa takan bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har yamma, tunda ba ya yoyo. A zafin ƙasarmu, fitsari da gumi suna dafa fatar yaro, ta yi ja, ta saɓule, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Ya kamata a duba shi bayan kowace awa biyu ko uku, in kuwa kashi ne a sauya nan take. Wadda kuɗinta bai kai ba, gara ta riƙa sa tsumma a rumfa, ta ajiye na kanti don hawan mota da zuwa likita. Tsumma ba abin kunya ba ne in an wanke shi da sabulu, an shanya a rana ya bushe ƙarau.

Na biyu, riguna biyu na yaro da zanen goyo guda na sauyi, da majanyi in da hali. Uwa ma ta sa wa kanta riga ɗaya, domin tumbuɗi ba ya sallama.

Na uku, shimfiɗa. Ɗan zane mai kauri ko guntun tabarmar roba da za a kwantar da yaro a kai lokacin sauyi. Ƙasar kasuwa kowa ya san abin da ke cikinta: kashin dabbobi, tofi, ruwan wanke-wanke. Teburin da ake ɗora kayan sayarwa kuma ba wurin kwantar da yaro ba ne.

Na huɗu, sabulu a cikin ɗan gwangwani mai murfi, da gorar ruwa ta wanki. Na biyar, man kaɗanya ko basilin, a shafa kaɗan a mazaunin yaro bayan an wanke an tsane. Hoda kuwa a yi hankali da ita, domin ƙurarta tana shiga hancin jinjiri ta dame numfashinsa.

Na shida, abin da za a ƙulle ƙazanta a ciki: ƙaramin bokiti mai murfi ko jakar roba mai kauri da ake wankewa. Tun shekarar 2014 aka yi dokar hana shigowa da ledoji marasa kauri da sayar da su a Nijar, ko da yake har yanzu suna ko'ina. Wadda ta yi amfani da leda, ta ƙulle ta, ta nisanta ta daga hannun yaro, domin leda tana toshe numfashi in ta rufe fuska.

Hannun da ya taɓa kashi, shi zai taɓa abinci

Mutane da yawa suna ɗauka kashin jinjiri ba ƙazanta ba ne tunda nono kawai yake sha. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Mai sayar da ƙosai, ko fura, ko dambu, ko tumatir da salati, in ta sauya wa yaro ta koma kan kaya ba ta wanke hannu da sabulu ba, tana iya raba zawo ga mutanen da suka ba ta kuɗinsu, ta kuma mayar wa ɗanta cutar lokacin da za ta ba shi nono. Ruwa kaɗai ba ya fitar da ita. Shi ya sa sabulu yake cikin jaka, kusa da hannu, ba sai an je nema a rumfar wani ba.

Kashin kuma wurinsa salga. Kush da aka yi amfani da shi a naɗe, a ƙulle, a kai inda ake tara shara. Wanda ake jefawa a bayan rumfa, ƙudaje ne za su sauka a kansa su tashi su sauka kan nama da kifi, awaki su ja shi, da damina kuma ya toshe magudanan ruwa, ruwa ya shigo rumfunanmu.

Karnen yaro ya fi komai daraja a cikin jakar

A shekarar 2006 gwamnati ta ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a gidajen likita na gwamnati. Amma ma'aikacin lafiya yana buƙatar ganin karne kafin ya san alluran da aka yi wa yaro, da nauyinsa na watan jiya, da ciwon da aka taɓa yi masa magani. Ƴar kasuwar da yaronta ya kamu da zazzaɓi a kasuwar ƙauye, nesa da unguwarsu, in karne yana jakarta sai ta shiga CSI mafi kusa, a duba shi da sanin abin da ya gabata.

Karne ne kuma yake tuna wa uwa ranakun rigakafi. Da haihuwa ana yin allurar tarin fuka, a ɗiga maganin shan inna. A sati 6, da sati 10, da sati 14, ana yin allurar da ta haɗa cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, wadda Nijar ta fara a 2008. A 2014 aka ƙara ta ciwon huhu da ta zawon yara. A wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, sannan a maimaita ta ƙyanda cikin shekara ta biyu. Sati shidan nan na farko yana faɗowa daidai lokacin da mai jego ta gama arba'in ta koma kasuwa, kanta ya ɗauki zafi da neman mayar da jarin da suna ya ci. A nan ne yara da yawa suke tsallake allura. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a 2023, wadda ta fi tsanani a jihar Damagaram, ta nuna mana abin da tsallake allura yake jawowa.

A sa karne cikin leda mai kauri, a aljihun da ruwa ba ya kaiwa. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ta ɗauki shafukansa ta ajiye, saboda ɓacin rana.

Zawo ba ya jiran a tashi kasuwa

Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma a jikin jinjiri abin yana sauri, awoyi kaɗan ne. Don haka ƙunshi biyu na garin gishiri da sukari na likita, wanda ma'aikata ke kira SRO, su zauna a jaka kullum. Ana zuba ƙunshi ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ledar ruwan sha da ake sayarwa, mafi yawanta rabin lita ce, ke nan biyu ake buƙata, amma a duba rubutun jikinta. Babbar gorar ruwa ta kanti lita ɗaya da rabi ce, kada a cika ta. A riƙa ba yaro da ƙaramin cokali ko kofi, kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, bisa awon da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Nono kuma kada a tsayar, a ƙara ma.

Jaka tana taimakawa ta wata hanyar da ba a cika lura da ita ba. Uwar da ta san kunzugu nawa ta zuba da safe, ta san nawa yaro ya jiƙa. Jinjirin da ya wuce sati ɗaya kuma yake samun nono isasshe yana jiƙa kamar shida ko fiye a yini da kwana. In an wuni kunzugu a bushe, ga ido ya faɗa, ga maɗiga ta lotsa, a rufe rumfa a nufi likita. Haka in yaro ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko numfashinsa yana sauri, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Jinjirin da bai kai wata biyu ba in jikinsa ya yi zafi, ba a jira, ba a gwada magani a gida.

Kowane lokaci da kayansa

Da bazara, watan Afirilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a garuruwanmu. A sa wa yaro riga marar nauyi, a riƙa sauke shi daga baya yana shan iska a inuwa. Yaron da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, domin mafi yawan nono ruwa ne. Ruwan shan da ke cikin jaka na uwa ne: ita za ta sha da yawa, ta yawaita ba shi nono. Bayan wata shida, in ya fara kunu, a riƙa kofi da cokali nasa na kansa. Sun fi bulumboti sauƙin wankewa, kuma kunu ko madarar da ta wuce awa biyu a zafi a zubar da ita.

Da hunturu, hula da safa da rigar sanyi, musamman ga masu fita da asuba a bayan mota buɗaɗɗiya, da ɗan mayafi marar kauri na tare ƙura, ba tare da an toshe fuskar yaro ba.

Da damina, sauro. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a Nijar, ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Masu rabo suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Wadda ta bar ƙwayoyin a gida ta tafi cin kasuwa kwana biyu, ta rage ƙarfin maganin. Wurinsu jaka. Mai fataucin da ke kwana a tasha ko gidan baƙi kuma ta naɗe gidan sauro ta tafi da shi.

Wadda aka ba ta ɗan zaren awon dantse mai launi uku, shi ma ta sa a ciki. A shekarun 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun gwada a yankin Mirriya, suka ga iyaye mata suna iya auna dantsen ƴaƴansu da kansu su gane tamowa da wuri. Ana auna yaro daga wata shida: kore lafiya, rawaya a kai shi a duba, ja a kai shi ranar.

Abin da ba ya shiga jakar

Kuɗin ciniki ba ya shiga. Ɓarawon kasuwa jakar da ya ga ana zuba kuɗi yake bi, in ya fizge ta ya tafi da karne da magani. Kuɗi kuma ya bi hannuwa da yawa, bai dace da kayan jinjiri ba. Maganin ɓera, da maganin ƙwari, da kanwa, da reza, da allurar ɗinki, duk a raba su da ita, domin yaro mai rarrafe jakarsa yake fara buɗewa. Magungunan da ake talla a tire cikin rana su ma a bar su: ba a san awonsu ba, ba a san ranar lalacewarsu ba. Ko maganin likita ne, kada a bar jaka a rana ko kusa da murhun suya.

Wace irin jaka?

Ba sai an sayi ta kanti mai tsada ba. Tela na unguwa zai ɗinka ta da yadi mai kauri, ya yi mata shafi da roba daga ciki don a riƙa gogewa. A ce masa ya raba ta uku: wurin kaya masu tsabta, wurin masu datti, da ƙaramin aljihu mai zif na karne da magani. Igiyar ta zama doguwa mai faɗi, wadda za a rataya a kafaɗa, tunda baya na yaro ne, kai kuma na kaya. Jakar ƴan makaranta ta gwanjo ma tana yi, in an wanke ta an shanya. Ta fata irin ta dukawanmu tana da kyau da ƙarko, sai dai ba ta son wanki, ita kuwa jakar jinjiri kowane mako sai ta sha ruwa da sabulu.

Matan da ke cikin adashi ko asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su sayi yadi a sari, su ba tela ɗaya ya ɗinka da yawa, farashi ya sauko. Mai neman abin sayarwa kuma ta lura: kowace rana ana suna a garin nan, kuma masu zuwa barka sun gaji da kai sabulu da turmin atamfa iri ɗaya. Jaka da aka shirya da kayanta a ciki kyauta ce da mai jego za ta yi shekara biyu tana amfani da ita.

Kira ga magidanta

Maigida, ka sayi rago, ka sayi goro, ka ɗinka wa mai jego kayan fitar suna. Kuɗin jaka bai kai na ƙafar ragon ba. Ka kuma san abin da ke cikinta. Ranar da uwa ta kwanta ciwo, ko ta tafi sari ta bar yaro wurin kaka ko ƴar raino, jakar ce za ta bi yaron, kuma duk wanda ya karɓe shi ya sami komai a wuri ɗaya, ba sai an birkice ɗaki ana neman karne da tsakar dare ba. Namijin da ya rataya jakar ɗansa ya raka matarsa awo bai rage komai daga girmansa ba.

Ke kuma uwa, ki mayar da shirin jaka aikin dare. Bayan kin ƙirga cinikin yini, ki zazzage ta, ki fitar da masu datti ki jiƙa, ki goge cikinta, ki mayar da abin da ya ƙare, ki duba karne ko ranar allura ta kusa. Sai ki rataye ta a ƙusa ɗaya kullum, kusa da ƙofa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to shirin da aka yi tun jiya shi ke fitar da mutum kunya a tsakiyar kasuwa. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a ciniki.